An Yi Wa Kurma Ihu

Hayaƙin na fara gani, baƙi ƙirin, yana fitowa ta tagar gidan wasan kwamfuta da ke bakin layinmu. Samari sun watso waje, wasu ko takalmi babu. Na yar da bokitina, na kutsa cikinsu ina juya fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Babu ɗana Auta.

"Ina Auta? Ina kurman?"

Mai gidan wasan yana tsaye rungume da wata na'ura da ya tsira da ita. "Iya, kowa ya fito. Ai na yi ihu."

"Ihu? Kurma ka yi wa ihu?"

Na jiƙa gefen zanena a ruwan bokitina da ya zube, na toshe hanci, na faɗa ciki.

Na san inda yake. Tun da zazzaɓi ya tafi da jinsa yana ƙarami, Auta bai sami abin da ya shiga ransa kamar wasan nan ba. Yawancin wasannin, mutanen ciki suna ta magana bai san me suke faɗa ba, a lallaɓo ta baya a kashe shi. Guda ɗaya ne ke rubuta komai a ƙasan allo, har takun sawu da ƙarar ƙofa. Idan daɗi ya kama shi yakan yi wata ƙara da shi kansa ba ya ji. Masu wasa suka ce ya dame su, aka mayar da na'urarsa ɗakin ƙurya, aka riƙa turo masa ƙofa.

Na banke ƙofar. Ga shi zaune, ya ba ni baya, gemunsa kusan a jikin allo. Rubutu yana ta gudu, yana faɗa masa abin da ke bayansa a cikin wasa. Na damƙi wuyan rigarsa. Da ya juyo ya ga hayaƙin da ya biyo ni, idanunsa suka koma na yaron nan mai zazzaɓi. Da rarrafe muka fito. Daga baya ya nuna mini da hannu cewa ya ji ƙauri, ya ɗauka sharar bayan gini aka ƙona kamar kullum.

* * *

Ban iya karatu ba, amma na san hanyar ofishin hukuma. Na sami wani mai babban teburi yana sauraron rediyo, na ce a sa fitila ja mai walƙiya a kowane ɗakin wasa, yadda kurma zai ga haɗari da ido.

"Iya, an rasa rai ne?"

"Sai an rasa za ka tashi daga kujerar?"

Ya yi dariya. "Ki hana shi zuwa mana. Ƙato da gemu, wasa?"

"Kai wa ya hana ka rediyonka?"

Ya ce za a duba. Na yi ta komawa har ƙafata ta gaji, ana ta dubawa.

* * *

An shafe bangon gidan wasan da sabon fenti, an buɗe. Fitila babu. Mai wurin ya ce tsada, kuma kurma ɗaya ne. Na ce masa uwarsa ma ɗaya ce.

Na roƙi Auta, na yi kuka, na ɓoye takalmansa. Ya kama hannuwana, sannan ya nuna mini da nasa a hankali: duk garin nan, allon nan kaɗai ke gaya masa abin da ake cewa.

Yanzu idan ya taso daga wurin aikinsa na kafinta da la'asar, nakan ɗauki kujerata in bi shi. Samarin suna cewa, "Ga mai gadi ta iso." Ina zama a bayansa, na tokare ƙofar da ƙafa, hancina a sama. Ko ashana aka ƙyasta a waje sai na miƙe tsaye.

Jiya ya taɓa gwiwata yana dariya, ya nuna rubutun da ya fito, ya fassara mini da hannu: wai akwai mai numfashi a bayansa.

Na gyaɗa kai. Idona yana kan ƙofa.