Sakatar Ɗakin Inna Turai

Karo na uku ke nan Juwairiyya tana manna kunnenta a jikin ƙyauren. Langa-langar ta sha rana har tana ƙona mata kunci, amma ba ta janye ba. Babu kukan yaro, babu motsin tabarma, babu ko minsharin Inna Turai, wanda in ta fara shi har daga zaure ake jiyowa.

Ta waiwaya ta dubi inuwar katanga. Agogon Inna ke nan: in inuwa ta taɓa turmi a kwantar da yaro, kafin ta kai randa ya farka. Yau ta wuce randa, ta haura murhu, an kira la'asar a masallacin unguwa har an sallame. Ɗanta Abdulkabir, ɗan wata biyar, yana ciki tare da tsohuwar, ƙofa kuma an saka mata sakata ta ciki.

"Inna," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Inna, an yi la'asar fa."

Ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, hannun ya tsaya a sama. In ta bugi langa-langar nan, yaro mai rai dole ya firgita ya tsala kuka. In kuma ta buga aka ji shiru, shi ke nan ta sani. Sanin nan take gudu.

Wanda bai san Juwairiyya ba sai ya ce fitina ce da ita. Ba fitina ba ce. Shekara biyu da suka wuce ta kwantar da 'yarta Tahira da rana tsaka, ta fito wanki. Yarinya lafiya lau, ta sha nono har ta yi gyatsa. Da ta gama shanya ta koma ɗaki sai ta tarar jiki ya yi sanyi. Da yake 'yar fari ce, ko kukan kirki ba a bar ta ta yi a gaban mutane ba, ana ta ce mata ta yi kara. Ta haɗiye, abin ya zauna mata a ƙirji. Da Allah ya ba ta Abdulkabir sai ta ɗaura yaƙi da barci. Yaro na rufe ido za ta kai yatsa ƙasan hancinsa, in ba ta gamsu ba ta ja ɗan yatsan ƙafarsa sai ya motsa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Yaro ya koma ba barci sai kuka, ya rame, ita ma ta rame. Mijinta Hashimu ya kwashe tabarmarsa ya koma zaure, don ya samu ya riƙa sammakon kai awakinsa kasuwar Kunci.

Katanga ɗaya ce tsakaninsu da Inna Turai mai daddawa, tsohuwar da ta goyi rabin unguwar. Wata rana ta yi sallama ta shigo tana dogara sanda.

"Ke yarinyar nan, wata uku kukan angona yana hana ni ƙailula. Miƙo shi nan."

"Inna, ba ya barci ne."

"Ke ce ba kya barinsa. Na hango ki ta kan katanga, kina ta tsikararsa kamar mai duba dahuwar dankali."

Tun daga ranar ta kafa doka. Bayan azahar, inuwa na taɓa turmi, a ba shi nono, a goge masa jiki da ruwa mai ɗumi, a kai shi ɗakinta. Tabarma ɗaya kullum, zane ɗaya, a rigingine, ba matashi. Ta saki labule ta kwanta gefensa, ta ɗora hannu a cikinsa tana ɗan bubbugawa tana salati. Ba a ɗaga lokacin ko da baƙi sun zo, ko da suna ake a unguwa. "Yaro ai kamar kaza yake," in ji ta, "in ya san lokacin shiga akurki, da kansa zai nufa."

Kwana na biyu Inna ta buɗe ido ta ga Juwairiyya durƙushe a kansu, yatsa a hancin yaro. Washegari ta sa aka sassaƙo mata guntun icen marke, ta riƙa yi wa ƙyauren sakata da shi ta ciki.

"Ba a leƙen ango da amarya," ta ce. "Ki zauna a waje ki saurari minsharina. In kin ji ina yi, to lafiya muke."

Da minsharin nan Juwairiyya ta rayu wata biyu. Yaro ya yi kumatu, inuwa na dosar turmi zai fara hamma yana murza ido. Ita ma ta yi kitso, har aka fara jin dariyarta.

Barira, matar ɗan Inna, ta fito daga ɗakinta tana naɗe sallaya, ta gan ta a bakin ƙofar.

"Juwairiyya, kin koma gidan jiya? Ba jiya aka yi masa allurar riga-kafi ya kwana yana kuka ba? Ramuwar barci yake. Ki ƙyale su."

"Yaya Barira, ba na jin minshari."

Barira ta fara dariya, dariyar ta tsaya a rabi. Idonta ya faɗa kan butar Inna a bakin ƙofa, cike da ruwa, ƙasan wurin kuma a bushe. Shekara goma sha tara tana gidan nan, ba ta taɓa ganin la'asar ta wuce tsohuwar tana kwance ba.

"Ɗazu ta ce ƙirjinta ya yi mata nauyi," ta ce a hankali. "Ko furarta ba ta shanye ba."

Ta yar da sallayar, ta bugi ƙyauren da tafin hannu. "Inna! Inna!"

Juwairiyya ta riƙe numfashi tana jiran kukan. Kaza ta yi ƙyarƙyara a bayan rumbu, wani babur ya wuce a hanya. Kukan bai zo ba. Ta ji bakinta ya bushe, irin bushewar ranar wanki. Ta ruga ta mirgino turmi, ta kife shi a ƙarƙashin 'yar tagar ɗakin, ta hau. Ta ture tsumman da aka toshe tagar da shi ta cusa fuska. Duhu ne, da warin daddawa. Da idonta ya saba sai ta hango tafin ƙafafun Inna da tsohon lalle, da gefen zanen yaron. Bango ya kare sauran.

"Me kika gani?"

"Ƙafafu. Ba sa motsi."

"Tsaya nan, bari in kira Malam."

Barira ta fita da gudu ba mayafi, ta nufi gonar bayan gida inda mijinta Mani yake cikin gero. Juwairiyya ta sauko ta zube a bakin ƙofar. Ta so ta yi addu'a, amma duk abin da ta haddace ya gudu, sai "Ya Allah, ya Allah" kawai. Tsoro ya cika ta har tana jin bugun zuciyarta a kunne. Sai haushi ya biyo baya. Ta ji haushin tsohuwar nan da dokokinta da guntun icenta, haushi mai tsanani. Wa ya aike ta? Da yanzu yaronta yana bayanta, yana kukansa, ramamme amma mai rai. An ce barci ƙanin mutuwa ne, ita ta ga yayar tasa da idonta, ta kuma yarda aka kulle mata ɗa tare da ƙanin. A zuciyarta ta gaya wa Inna Turai maganganun da ba a gaya wa babba.

Mani ya shigo yana haki, ƙafafu duk laka, da lauje a hannu. Bai tambayi kowa komai ba. Ya zura bakin laujen ta tsagar ƙyauren, ya lalubo, ya ɗaga. Sau biyu yana kuɓucewa. A na uku suka ji sakatar ta faɗi ƙasa. Kafin ya tura, Juwairiyya ta riga shi.

Haske ya bi ta ya faɗa kan tabarma. Inna Turai tana kwance a gefen damanta, fuskarta wajen yaron, carbi a hannu ɗaya. Ɗaya hannun yana kan cikin Abdulkabir, yana ɗagawa yana sauka, yana ɗagawa yana sauka.

"Alhamdulillahi!" Juwairiyya ta faɗi a kan gwiwoyinta. "Haba Inna, kin tsorata mu!"

Ta kai yatsa ƙasan hancin yaron, doka ko ba doka. Numfashi mai ɗumi ya taɓa ta. Ga 'yan zufa a goshinsa, bakinsa yana tsotsar iska. Ta kama hannun Inna za ta ɗage shi don ta ɗauki ɗanta, sai ta ji shi da sanyi, da nauyi kuma. Ba Inna ce ke bubbugawa ba. Numfashin yaron ne yake ɗaga hannun yana saukewa.

Mani ya durƙusa ya taɓa wuyan mahaifiyarsa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce.

Barira ta dafe bango ta fashe da kuka. Ana ɗage hannun, Abdulkabir ya buɗe ido, ya yi miƙa, ya kai hannu zai kamo hancin Inna kamar yadda ya saba.

Akwai abin da Juwairiyya ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko Hashimu. Lokacin da ta gane, tana rungume da yaron a kan gawar matar da ta fi kowa yi mata alheri, murnar da ke zuciyarta ba ta gushe ba. Ta sake cewa alhamdulillahi a ɓoye. Sai bayan nan ta tuna maganganun da ta gaya wa tsohuwar a bakin ƙofa, alhali tana ciki ta riga ta cika, hannunta a kan ɗan maƙwabciya. Kunya ta rufe ta. Ta yi kukan da ya ba matan unguwa mamaki, na Inna da na Tahira a haɗe, kuma a wannan karon ba wanda ya ce ta yi kara. Ana dab da magariba maza suka dawo daga maƙabarta.

Kwana uku gidan yana cike da masu gaisuwa, yaro yana bayan uwarsa. Kullum inuwa na dosar turmi zai fara hamma da ƙananan koke-koke, ita kuma ta yi ta jijjiga shi tana zagaye tsakar gida, ba ta yarda ta sauke shi ba. Cikin kwana ukun nan ya koma rigimarsa ta da.

Rana ta huɗu bayan azahar Barira ta yi sallama ta shigo, ido a kumbure. Ta miƙa mata zanen nan a ninke.

"Ga na ango. Ban wanke ba, da ƙamshinta a jiki." Sai ta fito da guntun icen marken. "Wannan kuma na rasa yadda zan yi da shi."

Juwairiyya ta karɓa. Barira ta dubi katanga ta ce, "Inuwa ta kusa turmi," ta juya ta tafi.

Ta ba shi nono, ta goge masa jiki da ruwa mai ɗumi. Ta shimfiɗa zanen a tabarmar ɗakinta, ta kwantar da shi a rigingine, ta saki labule. Ta ɗora hannu a cikinsa tana bubbugawa tana salati, har idanunsa suka lumshe. Yatsanta ya nufi hancinsa da kansa, ta mayar da shi. Ta tashi ta fito, ta jawo ƙyaure.

Babu mai saka sakata ta ciki, babu minsharin da za ta saurara. Ta zauna ta jingina bayanta da ƙofar, ta ɗora guntun icen a kan cinyarta ta riƙe shi da hannu biyu. Tsoron yana nan, ko kaɗan bai ragu ba. Sau biyu ƙafafunta suna yunƙurin tashi, sau biyu tana ƙara damƙe icen. Inuwa ta bar turmi tana rarrafawa a tsakar gida, ta tsallake kwanon kaji, ta hau tsintsiya. Tana taɓa gindin randa, daga cikin ɗakin wata 'yar murya ta fara gwaranci ita kaɗai.