Lambar da ke Yaga Riga

Tare suka tafi yaƙi, ɗan mai ɗinki da ɗan yayarta. Na Yaya bai dawo ba. Na mai ɗinki ya dawo da ƙafafunsa, amma tun daga ranar bai ƙetare ƙofar gida ba, kuma hannuwansa rawa suke yi har ba ya iya riƙe cokali.

Duk shekara hukuma takan tara uwayen sojojin da suka rasu a babban zaure, a zaunar da su a sahun gaba, a maƙala musu lambar yabo. Uwayen waɗanda suka dawo da rai kuwa, ba a taɓa gayyatarsu ba.

Da taron bana ya matso, Yaya ta shigo da sabon yadi ta aza a kan keken ɗinki.

"Ki ninka mini ƙyalle a ƙirji ta ciki," in ji ta. "Lambar nan nauyi gare ta, bara sai da ta yaga mini riga."

"Su Yaya manya! Allah ya ba mu irin wannan wahalar."

Sai da maganar ta fita sannan mai ɗinki ta gane abin da ta roƙa. Ta dubi labulen ɗakin ɗanta, ta yi istigfari a zuci.

"An ce bana ke za ki yi jawabi," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ki ambaci ɗanki na cikin ɗakin nan, ko da sau ɗaya ne. A rami ɗaya suka kwana da marigayi."

"To, zan gani."

Ranar taro mai ɗinki ta tsaya can baya, kusa da ƙofa. Yaya ta yi jawabi mai ratsa jiki, jama'a suka miƙe suna tafi. Ba ta ambace shi ba. Lambar kuwa ta zauna daram a kan ƙyallen, ko karkacewa ba ta yi ba.

Washegari da hantsi Yaya ta yi sallama. Ta tarar da ƙanwarta zaune a tabarma, ta ɗora hannun ɗanta a cinya tana yanke masa farce. Ta daɗe a tsaye tana kallo.

"Na so in faɗa," in ji Yaya. "Bakina ne ya ƙi. Ke naki ga shi nan yana numfashi, kuma har tafin ma kina so?"

Mai ɗinki ta ci gaba da yanke farcen.

Yaya ta durƙusa, ta miƙo hannu. "Ba ni in ƙarasa masa ɗayan. Na manta yadda ake yi."

"Bar shi, Yaya. Je ki huta, kin sha tafi jiya."

Mai ɗinki ta san za ta nemi gafarar wannan maganar a sallar azahar. Duk da haka ta jawo ɗaya hannun zuwa cinyarta, ta ƙara riƙe shi.