Ban Karɓi Lemar Kamfani Ba

Manyan kamfanin nan mai ƙera manhajar waya sun ba kansu damar sayen hannun jari a tsohon farashi mai araha, ta hanyar mayar da kwanan watan takardun sayen baya. Da asiri ya tonu, farashi ya faɗi, guminmu ya bi ruwa.

Ni ke gyara janaretocin kamfanin, kuma da kuɗin gyaran na sayi ɗan hannun jarina. Ranar taron masu jari, a bakin ƙofa ake raba lema mai tambarin kamfani, kuma an saba duk wanda ya karɓa ya amince da komai. Na wuce ban karɓa ba.

Aminina Dogo, mai shagon taya, ya ja rigata. "Mutumina, a nan kake cin abinci. Zauna ka yi shiru."

Na ce, "Lemar nan za ta tare maka talauci?"

"Tana dai tare ruwa."

Na miƙe na ce wa shugaban kamfanin, "Ranka ya daɗe, ka mayar da abin da ka ɗauka, ko mu ƙi sabunta maka kujera." Ya yi murmushi, ya tambayi sakatariyarsa sunana. Wata dattijuwa ta miƙe don mara mini baya, sai wasu suka bi, har Dogo da lemarsa a hammata.

Shugaban ya mayar, kuma yana nan kan kujerarsa. Janaretocin kuwa, tun ranar wani ke gyara su.