Muryar Kwat da Muryar Singileti

"Sake faɗa," in ji Baban Aku, yana goge mata takalmi da tsohon buroshi. "Kuma kada ki ja ƙarshen maganar. Ki yanke ta cak."

Aku ta gyara tsayuwa a tsakiyar falo, ta haɗe ƙafafu, ta sake gaida manyan baƙi da iyaye da malamai, wato kujerun falon da firij da uwarta da ke ɗaura ɗankwali a gaban madubi. Layin farko ya fita tsaf. Na biyu ma ba laifi. Tana shiga na uku sai muryar ta sulale mata, ta hau ta sauko, ta ja ƙarshen maganar kamar mai kiran wani a can ƙarshen gona. Baban Aku ya ajiye buroshi ya dafe kai.

Yau ce ranar raba kyaututtuka a makarantar su Aku, kuma ita aka zaɓa ta yi jawabin maraba, yarinya 'yar aji uku. Ba a banza uwarta ta laƙa mata Aku ba. Duk abin da ya shiga kunnenta sai ya fito ta bakinta, da muryar mai shi. Tana yin mai kawo gas, tana yin hedimasta, tana yin maƙwabciyarsu in tana faɗa da mijinta, har sai da aka hana ta yin wannan a bakin taga. Sai ga shi cikin 'yan kwanakin nan uban ya lura cewa in ta saki jiki, da harshen garinsu take magana, garin da rabonta da shi tun tana goye.

Shi kuwa ya san abin da harshen nan ya ja masa. Ranar da ya fara shiga sakandare a birni malami ya ce ya tashi ya yi karatu, bai kai ƙarshen sakin layi ba ajin ya kwashe da dariya, har malamin ya juya ya fuskanci allo kafaɗunsa na rawa. Har ya gama makarantar ana kwaikwayonsa a layin abinci. A talabijin ma in za a nuna wawa, ko mai gadin da ake yi wa wayo, da harshen garinsu za a sa shi magana. Don haka ya zauna ya kankare bakinsa da rediyo, yana bin masu karanta labarai kalma bayan kalma, har ta kai a ofishin ruwa inda yake karɓar koke-koken jama'a babu mai iya cewa ga inda ya fito. Haka dai shi yake gani. Abokan aikinsa suna kiransa Mai Labarai, kuma ba ƙaramin daɗin sunan yake ji ba.

Tsoronsa guda ne: kada 'yarsa ta hau mumbari yau ta ji irin dariyar da ya ji.

Ya riga ya gano mai laifin, a cewarsa. Kakar yarinyar ce, mahaifiyarsa, da ke bugo waya kullum ta riƙe jikarta da hira har batir ya mutu. Ya gaya wa matarsa cewa dole a rage wayar nan. Maman Aku, wadda aka haifa a birni kuma ba ta taɓa ganin abin kunya a harshen kowa ba, ta dube shi ta cikin madubi ta ce masa to, Allah ya kyauta. Irin wannan amsar tata ya fi tsana, don ya san akwai dariya a ƙarƙashinta.

"Baba," in ji Aku, ta gaji da tsayuwa, "wai wacce kake so in yi? Ta kwat ko ta singileti?"

Ya tambaye ta mene ne kuma wannan.

Ta yi masa bayani a nutse, kamar yadda ake yi wa wanda ba ya saurin ganewa. Ta ce ai murya biyu gare shi. In ya sa kwat zai tafi ofis, ga yadda yake yi. Nan ta ɗaga haɓa, ta maƙe wuya, ta yi wa firij barka da safiya, kowace kalma a yanke kamar an auna ta da rula. In kuma ya dawo ya cire kwat ɗin ya rage daga shi sai singileti, yana gyaran fanka, ko yana neman rimot, ko yana kallon ƙwallo, ko yana ba ta labari, to ga yadda yake yi. Ta saki kafaɗu, ta sosa ciki, ta tambayi falon wane ne kuma ya ɗauke masa sukuddireba. Muryar ta hau, ta sauko, ta ja ƙarshe har sai da numfashinta ya ƙare.

Ɗankwalin Maman Aku ya warware ya faɗo, ita kuma ta zauna a hannun kujera tana share hawaye.

"Ni ban taɓa magana haka a gidan nan ba," in ji Baban Aku da zafi. Yana rufe baki ya ji yadda ƙarshen maganar tasa ya miƙe ya tafi yawo. Uwa da 'ya suka dubi juna. Ya shiga ɗaki ya fito da kwat ɗinsa a jiki, ya ɓalla maɓallansa har sama duk da zafin da ake yi.

"Ta kwat za ki yi," ya ce. "Daga farko har ƙarshe."

A cikin bas Aku ba ta kwaikwayi kowa ba, ko kwandastan da ke da irin muryar da, da a ce jiya ne, da ba ta ƙyale shi ba. Ta zauna a jikin taga tana motsa leɓɓa, tana yanke ƙarshen kowace kalma a hankali. Uban ya ga haka ya ji daɗi. Uwar ta ga haka ba ta ji daɗi ba.

Zauren makarantar ya cika da iyaye da jarirai da ƙamshin turare iri-iri, fankoki na juyawa ba sa kawo komai. Suna zama a kan kujerun roba aka dafa kafaɗar Baban Aku daga baya. Akantan ofishinsu ne, wanda ɗansa ke aji biyar, mutumin da in ka yi tuntuɓe a gabansa sai masinja ma ya ji labari kafin a tashi aiki. Baban Aku ya gaishe shi da muryar kwat mafi tsada da yake da ita, a ransa yana cewa duk faɗin zauren nan a rasa wanda zai zauna a bayansa sai wannan.

Aka kira sunan Aku. Wani malami ya jawo mata akwatin katako ta hau don ta kai ga makirufo. Ta ɗaga haɓa, ta maƙe wuya, ta fara. Manyan baƙi, iyaye, malamai, kowa ya samu gaisuwarsa a yanke tsaf. Wata mata a gefe ta ce da ƙawarta yarinyar nan kamar a rediyo. Baban Aku ya gyara zama, kwat ɗin ya ƙara matse shi don farin ciki.

Ta zo layi na uku, sai ta tsaya.

Uban ya gane abin da ya faru kafin kowa. Jawabin nan ta haddace shi har tana yi wa kyanwar maƙwabta, amma yau hankalinta duk yana kan tsare bakinta, sai kalmomin suka samu hanya suka gudu. Ta buɗe baki ta rufe. Lasifika ta yi ƙara. Wani ya yi tari, wasu yara suka fara ƙis-ƙis a baya. Idanunta suna yawo cikin jama'a. Ya san wannan tsayuwar, ya taɓa yin ta, kuma a ranar babu wanda ya tashi dominsa.

Bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Muna murna da kuka bar ayyukanku kuka zo," ya ɗaga murya. "Nan kika tsaya, 'yar Baba. Ci gaba abinki, ga ni nan."

Ba a nemi makirufo ba. Maganar ta hau, ta sauko, ta ja ƙarshe har ta daki bangon baya, harshen garinsu tsantsa, babu ko ɗigon rediyo a ciki. Zauren ya ɗauka da dariya gaba ɗaya. Ita ce dai dariyar da ya yi shekara da shekaru yana gudu, ga ta ta same shi a tsaye cikin kwat. Ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi.

Amma Aku ma dariyar take yi. Ta saki kafaɗu, ta kama layin daga inda ya jefo mata, ta ci gaba da muryar singileti, hannuwanta na tafiya tare da maganar. Ba ta ƙara tuntuɓe ba. Har ƙari ta yi wanda babu shi a jawabin, ta roƙi iyaye su yi haƙuri da fankokin, ai hedimasta ya ce za a gyara. Hedimastan ya rufe fuska da takardar shirin taro, jama'a suka tafa mata har ta sauko daga akwatin. A can baya Baban Aku ya ji wasu samari suna jan ƙarshen magana suna ƙyalƙyala dariya. Abin ya sosa masa rai, ba zai ce bai sosa ba. Sai dai ya duba ya ga bai mutu ba, kuma 'yarsa tana ɗaga masa hannu.

Da aka tashi Akanta ya tare shi a bakin ƙofa. Baban Aku ya tattaro muryar kwat ya fara bayanin cewa abin ne ya zo ba shiri.

"Haba, Mai Labarai," in ji Akanta, "wa kake ɓoye wa? Kullum in ka fita kan matakala kana waya da tsohuwa, rage murya muke yi mu saurara, don daɗin ji. Ai wanda muke kwaikwaya in ba ka nan ba wannan ba ne. Ɗayan ne."

Akanta ya ɗaga haɓa, ya maƙe wuya, ya sanar da Maman Aku cewa ana ba jama'a haƙuri bisa ɗaukewar ruwa. Ya ma fi Aku iyawa, alamar an daɗe ana yi. Maman Aku ta riƙe ɗankwalinta da hannu biyu. Baban Aku ya tsaya baki sake, yana juya sunan nan da ya daɗe yana taƙama da shi.

A bakin get Aku ta ja hannun kwat ɗinsa, ta ce an yi mata alkawarin askirim in ta yi ƙoƙari. Mai askirim ɗin kuwa ya riga ya hau kekensa, ya yi nisa, yana shirin shan kwana. Baban Aku ya dubi iyayen da ke tsaye ko'ina, ya dubi Akanta da ke buɗe motarsa. Ya ja numfashi ya ƙwala wa mutumin kira irin na garinsu, ya ja ƙarshen ya bar shi ya tafi iyakar tafiyarsa. Can nesa keken ya tsaya, ya juyo.

"Ka gani, Baba," in ji Aku. "Da ta kwat ka yi, da bai ji ba."

Ya ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya cire kwat ɗin ya miƙa wa matarsa, ya ce zafi ne ya dame shi.

"Eh," in ji Maman Aku, tana ninke shi a hannunta. "Zafi ne."