Kitson Wayoyi

Ɗakin da ke bayan shagon kitson Yaya shi Auta ya mayar sitidiyon ɗaukar waƙa, kuma aronsa aka ba shi da sharaɗi. A gaban kwastomomi Yaya ta faɗa masa: in aikinsa na farko ya watse, ya kwashe tarkacensa, ita ta mayar da ɗakin wurin wankin kai. Yaya kuwa ba ta magana biyu.

Ranar da mawaƙinsa na farko zai zo, Auta ya fita sayen batir. Da ya dawo ya leƙa bayan teburin mikisa, na'urar haɗa sauti, sai da ya dafa bango. Wayoyin da ya shimfiɗa kowacce a hanyarta, an tattara su an yi musu kitso. Kitso fa na gaske! Wayar wuta, wayar makirfo da ta sifika, an tufke su tsaf tun daga mikisa har soket, har da ɗan ribon ja a ƙarshe.

"Ka ga aiki ko?" in ji Yaya daga bakin ƙofa, tana goge hannu. "Mutum da girmansa, ɗaki kamar an zubar da taliya."

"Sannu da ƙoƙari, Yaya," ya ce.

Bai gama haɗiye yawu ba sai ga mawaƙin, da baƙin tabarau a cikin ɗaki. Ya ɗora hedifon a kunne, Auta ya ɗaga sauti. Sai wani ƙugi ya taso, huuuum, ba numfashi.

"Malam, janareto ka ajiye min a kunne?"

Auta ya san ciwon sarai. Wayar wuta in ta kwanta jikin wayar makirfo, ƙuginta take ɗura mata, ita kuma mikisa ba ta da zaɓi, abin da aka ba ta shi take ƙarawa. Maganin ɗaya ne, a raba su. To amma wa zai ce wa Yaya kitsonta ne matsala? Matar da ta taɓa sallamar kwastoma da rabin kai don ta ce layi ya karkace!

Ya murɗa nan, ya murɗa can. Ya ɗora wa fanka laifi, ya kashe ta, zufa ta karyo wa kowa. Ƙugi na nan daram. Da mawaƙin ya fara laluben jakarsa, Auta ya ga ɗakinsa na shirin komawa wurin wankin kai.

"Yaya, don Allah zo ki ji wani abu."

Ya sa mata hedifon. Ta yamutsa fuska.

"Wannan ce waƙar? Kai, zamani!"

"Ba waƙa ba ce, Yaya. Kitson ne." Ya runtse ido. "Wayar wuta da ta murya ba sa zama wuri ɗaya."

Injin busar da gashi na ta ihu a shago. Yaya ta dube shi, ta dubi kitson. Sai ta zare tsinke daga ɗankwalinta, ta durƙusa ta fara tsifa. Auta na biye da ita yana jerawa: ta wuta ta bi bangon hagu, ta makirfo ta bi dama, inda dole su haɗu ya gitta su, bai bari sun jeru ba. Fulogan duka ya kai su soket ɗaya. Ya kunna. Shiru, tas.

Mawaƙin ya ajiye jaka, ya gyara tsayuwa gaban makirfo.

Yaya ta miƙe tana kaɗe gwiwa, ba ta kalli ƙanenta ba.

"Ni dai ba na son baƙonka ya shigo ya raina ka ne."

Sai yanzu Auta ya gane. Ashe ita ma tsoron take ji kamar shi. Ta fice, ta ja ƙofa. Nan take ya ji injin busar da gashi ya ɗauke.

"Haba, kaina fa a jiƙe yake!" wata ta ce daga shago.

"Iska ta busar miki. Kowa ta kama bakinta, ƙanena yana aiki."