Wutar Ranar Juma'a

Duk safiyar Asabar sai a tarar bayanan manoman Tsafe da Bungudu sun hargitse a babbar kwamfutar kamfanin taki na Alhaji Sambo a Gusau. Sunan wannan ya hau gonar wancan, wasu sun ɓace. An ɗauko injiniya daga Kaduna ya sauya mata faifan adana bayanai, abin bai daina ba.

Alhaji ya tsare Hussaina, mai shigar da sunaye, da ido. "Ke kaɗai muke bari idan mun tafi masallacin Juma'a. In aka kuma, ki nemi wani aikin."



Juma'a ta zagayo. Maza na fita, tana tsakiyar aiki, wuta ta ɗauke kamar kullum. Har ta yi tagumi, sai ta hango fankar shagon ɗinki na tsallaken titi tana juyawa. Ta fito da sauri, ta tarar da Baba Dogo maigadi yana rufe akwatin makunnin wuta, darduma a kafaɗa.

"Baba, kai ke kashewa?"

"Da wa? Tun gobarar bara Alhaji ya ce kada in tafi in bar wuta. Ko so kike ki soye?"

Ashe kwamfutar tana cikin adanawa ake katse ta.

Ana saukowa daga masallaci ta tari Alhaji. "Ranka ya daɗe, na gano dalilin."

"Wane ne?"

Ta dubi ƙasa. "Umarninka ne."

Ya ƙwala wa Dogo kira, ya ce daga yau kada ya ƙara kashe wutar.