Farantin Auta na Ƙarshe

Shekara goma sha ɗaya aikina ɗaya ne: in kai bakin allurar gilashi, wadda ta fi gashi siranta, jikin ƙwayar halitta guda, in ɗan tsotsa ta bakin roba har fatarta ta huje, wutar da ke cikinta ta fito a allon kwamfuta. Duk wadda aka auna ba ta kai rabin awa take mutuwa, farantin da aka ciro ta daga ciki kuma ba ya komawa ɗakin rainon ƙwayoyin. Abin bai taɓa damuna ba, sai da aka zo kan na autanmu.

Kafin ya yanke jiki ya faɗi a filin ƙwallo ya ba mu jininsa, yana tsokanata wai Yaya ta rasa ɓeraye ta koma kan dangi. Daga jinin muka raini ƙwayoyin zuciya. Wata huɗu da binne shi suna nan suna bugawa, da irin tuntuɓen da ya kashe shi. Faranti ɗaya ya rage. Kullum sai in canza musu ruwa, in leƙa su, in ce wa Farfesa, shugabar ɗakin bincikenmu, ba su nuna ba tukuna. Ƙarya nake yi, ita ma ta sani.

Ranar Talata ta jawo kujera kusa da ni.

"'Yar ƙanen naki ta sake suma a makaranta, ko? Likitanta mu yake jira mu faɗi maganin da ya dace. In ba za ki iya ba, ni zan yi."

Na ce, "Da wannan hannun naki mai rawa? Bari kawai, ranki ya daɗe."

Na zaɓi ƙwayar da ta fi kuzari, na huda ta. Layi ya hau allo yana ɗingishi. Maganin farko bai yi komai ba, na biyu ma haka. Na uku wata tsohuwar kwalba ce da ta shekara biyar a firjin da ke bayana. Ina zubawa, layin ya daidaita, bugu bayan bugu, tsaf.

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba. Minti goma sha tara zuciyar ƙanena ta yi tana bugawa lafiya, ina kallo.

Farfesa ta fita kiran likita. Ni na zauna har layin ya kwanta, don ranar da ya faɗi a filin ƙwallo ba na wurin.